Laka Ga Kifi, Yashi Ga Kaji: Yadda Ruwa Ke Tafiya A Ƙasar Auyo



Koke biyu na fi ji daga masu ƙaramin jari a yankin Auyo zuwa Haɗeja. Mai kifi ya ce kullum injin ban ruwa na aiki, kuɗin fetur na cin jarinsa, amma ruwan tafkin kamar ana sace shi da dare. Mai kaji kuma ya ce rufinsa ba ya yoyo, mazubin ruwa bai fashe ba, amma shimfiɗar ɗakin kullum a jiƙe take. Ɗaya ruwa na gudunsa, ɗaya ruwa na bin sa, alhali musabbabin guda ne: yadda ruwa ke mu'amala da abin da ya taɓa.

Ka ɗiga ruwa a kan ganyen gwaza ko bayan agwagwa, za ka ga ya dunƙule ya gangare. Ka ɗiga shi a kan bulo ko sabuwar randa, nan take zai baje ya shige. Ruwa yana riƙe da kansa, yana kuma kama abin da ya sauka a kai, wanda ya fi ƙarfi a cikin biyun shi ke rinjaye. Wani masani ɗan Ingila, Thomas Young, ya yi bayanin wannan tun 1805. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne: idan ruwa ya kama jikin abu mai ƙananan kafofi, yana iya hawa sama da kansa, kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Iya ƙanƙantar kafar, iya nisan hawan, sai dai tafiyar a hankali ce ƙwarai.

Ƙasar Auyo kuwa iri biyu ce maƙwabtan juna. Akwai tudu mai rairayi, irin jigawar da jihar ta samo sunanta, akwai fadama mai laka wadda Kogin Haɗeja ya daɗe yana shimfiɗawa. Ƙwayar yashi kana ganinta da ido. Ƙwayar laka ba ta kai kashi ɗaya cikin 500 na milimita ba, don haka kafofin da ke tsakaninsu sun matse har ruwa da ƙyar yake ratsawa. A lissafin hukumar abinci ta duniya, FAO, tafkin da aka haƙa a yashi zalla kan iya tsotse ruwa har santimita 25 a rana, na laka kuwa ba ya wuce santimita ɗaya. Mu ɗauki tafki mai mita 10 sau 10 da ke sauka santimita 10 a rana. Lita 10,000 ke nan, duro hamsin, kullum. Wane tarwaɗa ne zai biya wannan man?

Shi ya sa nake cewa kada ka kira masu haƙa sai ka gwada filin, kuma gwajin ko sisi ba ya ci. Haƙa rami zuwa ƙugu, domin ƙasar sama na iya zama laka, ta ƙarƙashi yashi, abin da ya zama ruwan dare a wurin da kogi ya sha canza hanya. Ɗebo ƙasar gindin ramin, ka ɗan jiƙa ta, ka mulmula, ka cilla sama kamar kamu ɗaya ka cafe. In ta warwatse, yashi ya yi yawa. In ta tsaya a dunƙule, sai ka cika ramin da ruwa da safe, ka sake cikawa da yamma, ka rufe da katako ko ganye. Washegari in yawancin ruwan na nan, filin ya yi. Wanda ya riga ya haƙa kuma yake zargin rana, ya ajiye roba cike da ruwa a bakin tafkin, ya yi wa duka biyun alama. Abin da ya ragu a robar rabon rana da iska ne, bambancin da ya ƙaru a tafkin ƙasa ce ta sha.

Laka ma tana da halinta. In ta bushe ƙayau a bazara sai ta tsattsage, kuma ta nan ruwan farko zai zurare. Kada a bar gindin tafki ya daɗe a bushe. Wajen gina jinga a riƙa zuba ƙasa kaɗan-kaɗan, kamar santimita 15 zuwa 20, da ɗan danshinta, a daddaɓe kafin a ƙara. Jingar kuma ta haura inda ruwa ke kaiwa, a tambayi dattawan wurin inda ya tsaya a ambaliyar 2022. In ba haka ba, a watan Satumba masunta za ka yi wa kiwo.

Wanda filinsa tudu ne, ni tamfol na fi ba shi shawara a farko, domin ruwa ba ya ratsa shi, sai dai a share tsakuwa da saiwa a ƙarƙashi. Kwamin siminti yana da kyau amma ana raina kafofinsa: bulo yana shan ruwa kamar randa, sai da filasta mai kyau ciki da waje. Sabon siminti kuma yana sakin sinadari mai kaifi irin na toka cikin ruwa, wanda ke ƙone fatar 'ya'yan kifi da matsefinsu na numfashi. A cika, a bari ya kwana biyu, a zubar, a maimaita har takardar gwajin pH ta nuna tsakanin 6.5 da 8.5.

Yanzu ga mai kaji. Lakar da ta hana ruwa sauka a tafki ita ce ke jawo shi sama a ɗakinka. A kusa da gonakin aikin noman rani na kwarin Haɗeja, ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shi da nisa, balle bayan damina. A yashi mai gwari hawan ruwa 'yan santimita ne, a ƙasa mai laushi da laka yana wuce mita guda. Wannan layin danshi da kake gani a gindin katanga, da farin gishirin da ke fitowa a bulo ko a fuskar wasu gonaki, duk sawunsa ne. Daɓen siminti kaɗai ba ya tare shi.

Ga kaji wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙwayoyin cutar kashin jini suna buƙatar laima da ɗumi kafin su zama masu kamuwa, kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe su. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kuma ita ke tada zarnin da ke lalata idanu da numfashi. Sai ka ga mutum yana ta sayen magani, alhali ciwon daga daɓe yake tasowa.

In kana da zaɓi, kai ɗakin kan tudu. In ba ka da shi, ɗaga daɓen sama da ƙasar waje, ka fara zuba tsakuwa ko yashi mai gwari, domin manyan kafofi suna yanke lagwanin. A kai ka shimfiɗa leda mai kauri, bakin kowace ya hau kan 'yar uwarta, sannan siminti. Magini zai iya ce maka ɓarnar kuɗi ce. Kuɗin ledar bai kai na kajin da za a kwashe a mako guda ba.

Ɓuntun shinkafa, wanda Allah Ya hore mana a wannan yanki, yana yin shimfiɗa, amma bai kai dusar katako shan ruwa ba, ruwan kan zarce ya kwanta a ƙarƙashi sama tana nuna bushewa. Ka riƙa tura hannu har daɓe, musamman gindin mazubin ruwa, ka damƙo ka matse. In ya wargaje da ka buɗe hannu, lafiya. In ya tsaya a cure, kwashe wurin a ranar ka zuba sabo.