Shukar Buhu Akuyar Turke Ce

Duk wanda ya tashi a karkarar arewacin Kano, daga Ungogo zuwa Minjibir, Bichi har Ɗambatta, ya san makomar akuya da zarar damina ta kankama. Sai turke. Gona tana manne da gona har bakin danga, babu daji babu saura da za a sake ta ta yi kiwo. Tun 1965 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya rubuta yadda cunkoson jama'a a kewayen birnin Kano ya sa ake noma kowace gona duk shekara ba hutu, ana riƙe ta da takin da jakuna ke kaiwa. Akuyar da aka ɗaure kuwa, abin da aka kawo mata shi ne cinta: ciyawar da yaro ya yanko, dusa, ruwa a tsohon kwano.

Gwaggona a wani ƙauye kusa da Ɗambatta ita ta nuna mini cewa shuka ma tana da turkenta. A gefen madafinta akwai buhunan taki guda biyar, irin masu cin kilo 50, an naɗe bakinsu an cika su da ƙasa. Biyu na tumatir, ɗaya barkono, ɗaya yakuwa, ɗaya alayyahu. Na'ana'a kuma tana cikin wata fasasshiyar randa. Na same ta da hantsi tana tsoma ɗan yatsa a cikin ƙasar, buhu bayan buhu.

"Gwaggo, me ake nema?"

"Danshi nake ji, ɗan nan. Ita ba ta da bakin kuka irin na akuya."

Gero a gona yana tura saiwarsa ƙasa ta nemo lema, kamar dabbar da aka saki da rani tana bin kara da harawa. Saiwar da ke cikin buhu iyakarta bangon buhun. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40, yini ɗaya ba ruwa ya isa furen tumatir ya kaɗe. Don haka ban ruwa safe da yamma ne, da ruwan alwala ko wanda aka wanke shinkafa. Ruwan wanki mai omo ba ya zuwa wurin, don gishirinsa taruwa yake yi a ƙasar har ya ƙone saiwa.

Abinci ma haka. Duk ban ruwa yana wanke wani abu daga ƙarfin ƙasar ya fita da shi, saboda haka bayan mako biyu ko uku Gwaggo takan barbaɗa tafi guda na taki a kowane buhu. Daga turken akuyarta take ɗebowa, amma sai wanda ya daɗe ya ruɓe ya yi baƙi. Ɗanyen taki zafi gare shi, yadda hatsi mai yawa lokaci guda ke kumbura cikin akuya. Kuma kamar yadda mai kiwo ba ya barin turke ya zama caɓi don gudun ciwon kofato, gindin buhu sai an huhhuda shi. Ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, mai shi yana ta ƙara ruwa yana zaton ƙishi ne.

Sai tsaro. Kaji suna son ƙasa mai laushi, akuyar gida kuma ba ta san cewa da takinta aka rene yakuwar ba. Tsohon gidan sauro da aka kewaya da kara shi ne katangar. Buhunan suna gabas da ɗaki, su sha ranar safe, inuwa ta rufe su bayan azahar.

A Turai masu zama a benaye suna renon wani ɗan itace mai suna rasberi a tukwane bisa baranda. Shi sanyin hunturu irin nasu yake bukata, ƙasarmu ba ta karɓe shi ba. Amma amanar ɗaya ce, ko a baranda ko a tsakar gida: wanda ya hana saiwa yawo ya ɗauki cinta da shanta.

Na tambayi Gwaggo me ya hana ta ƙara buhuna, ga fili har bakin rumbu, ga tumatir da tsada duk damina. Ta dubi jarkokin ruwa biyu da jikokinta suka ɗebo daga famfon tuƙa-tuƙa.

"Daidai ruwa daidai tsaki," in ji ta. "Ba na ɗaure abin da ba zan iya shayarwa ba."

Ta sunkuya ta tsinko barkono uku da ganyen yakuwa, ta zuba a faifai, ta nufi murhu.