Na'urar Maganaɗisu da Yagewar Guringuntsin Gwiwa

Yau zancenmu na kimiyya a kan gwiwa ya ke, da wata na'ura wadda a ke leƙa cikinta da ita ba tare da an tsaga fata ba.

Tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri akwai guringuntsi guda biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kowanne da siffar jinjirin wata. Aikinsu aikin gammo ne, watau su tare nauyin jiki don kada ƙashi ya riƙa cin ƙashi. In ɗan ƙwallo ya kafa ƙafa ya murɗa jiki da ƙarfi, gammon nan ya kan yage. Na dattijo kuwa ya kan tsattsage don kansa, kamar tsohuwar riga. Hoton ƙashi irin wanda muka saba da shi ba ya nuna guringuntsi, saboda haka a da sai likita ya lallatsa, ya lanƙwasa ƙafar, ya yi kirdado.

Na'urar da likitoci ke kira MRI ita ta sake al'amarin. Paul Lauterbur na Amurka ya nuna hanyarta a 1973, Peter Mansfield na Ingila ya inganta ta, aka ba su kyautar Nobel a 2003. Da ƙaton maganaɗisu ta ke aiki, tana zana cikin gwiwa yanki yanki, kamar an yayyanka doya. Lafiyayyen guringuntsi baƙi ƙirin ya ke fitowa. In an ga fari a cikinsa, to, akwai magana.

Wajen 1987 waɗansu likitoci a Los Anjeles suka kasa farin nan mataki uku. Na ɗaya ɗigo ne, na biyu layi ne wanda ya tsaya a ciki, na uku layi ne wanda ya ɓullo har fuskar guringuntsin. Na ukun kaɗai a ke kira yagewa. To, a nan gardama ta ke, don kuwa tsakanin layin da ya taɓa fuska da wanda ya kusa taɓawa, sau da yawa bai fi kaurin zare ba. Shi ya sa wani masani a Amurka, Arthur De Smet, ya ba da shawara kada a yanke hukunci sai an ga layin ya taɓa fuska a yanki biyu ko fiye.

Yaya a ke gwada gaskiyar na'urar? Sai a kwatanta hotonta da abin da likitan tiyata ya gani da idonsa, bayan ya zura siririn madubi cikin gwiwar. A 2003 masana a ƙasar Holan suka tattara irin wannan gwaji daga wurare da yawa. Suka tarar cikin yagewa ɗari ta guringuntsin ciki, na'urar ta kan kama wajen 93, amma a na waje wajen 79 kawai. Ta fi yin kuskure can ƙuryar baya, musamman in jijiyar tsakiyar gwiwa ta tsinke tare.

Amma fa sanin an yage daban, sanin irin yagewar daban, kuma a ganina nan ne ya kamata mai sauraro ya kasa kunne. Wata a tsaye ta ke bin tsawon guringuntsin, wata a kwance, wata ta ratsa shi daga baki, wata ta ɓalle ta juye kamar hannun bokiti ta kulle gwiwa. Mai hannun bokiti ba ta cika ɓuya ba. Wadda ta haɗa iri biyu ko uku kuwa, masu karanta hoto biyu su kan saɓa wajen ba ta suna. Kuma jini gefen waje na guringuntsin kaɗai ya ke kaiwa, kamar sulusinsa. Yagewar da ta faɗa nan a kan ɗinke ta, ta warke. Wadda ke ciki, galibi sai a datse. Hoto ba ya iya tabbatar da ko naman zai riƙe zare, sai an taɓa shi. Ga shi kuwa tun 1948 likita Fairbank na Ingila ya nuna gwiwar da aka cire wa gammonta ta kan lalace da wuri.

Saura tambaya guda: yagewar da aka gani, ita ke kawo ciwon? A 2008 aka buga binciken mutum 991 na garin Framingham a Amurka, masu shekara 50 zuwa 90, waɗanda aka ɗauki hotonsu ba don sun kawo kuka ba. Cikin waɗanda aka samu da yagewa, kashi 61 cikin ɗari ba su ji wani ciwo ba a watan da ya gabata. Sa'an nan a 2013 likitocin Finlan suka raba majinyata 146 masu yagewar tsufa kashi biyu, da yardarsu: waɗansu aka datse musu guringuntsin, waɗansu aka zura madubi kawai aka fitar, ba wanda ya san rabonsa. Bayan shekara guda, sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu kusan ɗaya ne.