Ƙoton ƙarfe mai juyawa: dabarar kama kifin fayik

Yau za mu leƙa ƙasashen sanyi, mu ga wata dabara ta masu fatsa.

A tabkuna da kogunan Kanada, da arewacin Amurka, da Turai, da Rasha, akwai wani kifi da Turawan Ingila ke kira fayik. Faransawa kuma suna ce masa boroshe. Babu shi a ruwayenmu. Dogo ne, bakinsa kamar na agwagwa, cike da haƙora masu kaifi. Wani yakan wuce mita 1. A shekarar 1986, an kama wani a Jamus mai nauyin kilo 25.

Fayik maharbi ne. Yakan laɓe cikin ciyawar ruwa, ya yi shiru. Da zarar ƙaramin kifi ya gitta, sai ya kai masa cafka. To, nan wahalar take. Inda kifin yake, nan ƙugiya take sarƙewa. Igiya ta tsinke, masunci ya koma gida da hasara.

Maganin wannan shi ne ƙoton ƙarfe mai juyawa. Waya ce aka lanƙwasa kamar gwafa, ana ɗaura igiya daidai wurin lanƙwasar. A reshen sama akwai ɗan faifan ƙarfe mai walƙiya, kamar bakin cokali. A reshen ƙasa akwai darma, da ƙugiya, da gezar roba da ke rufe ta. Tsinin ƙugiyar sama yake kallo, reshen sama kuma yana kare shi. Saboda haka ƙoton yakan ratsa ciyawa bai kama ta ba.

In aka jefa shi ana janyowa, faifan sai ya riƙa juyawa, yana walƙiya, yana kaɗa ruwa. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa da yake jin motsin ruwa da shi. Sai fayik ya ɗauka ɗan kifi ne ke gudu. A ruwa mai laka an fi sa faifai mai kewaye, don ya fi kaɗa ruwa. A ruwa garau kuwa, siriri mai kama da ganye ya fi, don ya fi walƙiya. Ana janyowa a hankali ta gefen ciyawa, amma kada a yi sanyin da faifan zai daina juyawa.

Dole a sa ƴar wayar ƙarfe tsakanin ƙoton da igiya, kamar santimita 30, domin haƙoran fayik suna yanke igiya. A ganinmu, wanda ya ƙi sayen wannan waya bai yi tsimi ba. Kada kuma a sa yatsa a bakinsa. Da awartaki ake cire ƙugiya. Namansa yakan ɗauki ƴaƴan tsila, don haka sai an dafa shi ya dahu sarai.

Mu ma muna da kifaye maharba a kogin Isa, irin su giwan ruwa da tsage. Su ma sukan kai wa ƙarfe mai walƙiya cafka. Haƙoran tsage ma suna yanke igiya, shi ma sai da ƴar wayar nan.