Magangarar ruwan Wli: Dalilin da ya sa ba a shiga kurmi sai da ɗan jagora

A gabashin ƙasar Ghana, dab da iyakarta da Togo, akwai magangarar ruwan Wli, wadda ita ce mafi tsawo a ƙasar baki ɗaya. Ruwan yana faɗowa ne daga kan wani tsauni, ana ƙiyasta tsawon faɗowarsa da kimanin mita 80, a tsakiyar kurmin Agumatsa da hukuma ta keɓe domin kare namun daji da itatuwa.

Mota ba ta kaiwa gindin ruwan. A ƙauyen Wli ake ajiye ta, a biya kuɗin shiga a ofishin karɓar baƙi, a haɗa mutum da ɗan jagora daga cikin mutanen yankin, sannan a kama hanya a ƙafa.

Baƙi da yawa kan ɗauki wannan tsari a matsayin dabarar karɓar kuɗi kawai, tunda a ganinsu hanya a fili take kuma ƙarar ruwan ma ta isa ta kai mutum wurin. Sai dai wanda ya san halin kurmi ya san cewa nuna hanya shi ne mafi ƙanƙanta daga cikin ayyukan ɗan jagora. Babban aikinsa shi ne lura da ruwa da iska da ƙasa, domin a kurmi haɗari ba ya bayyana ta fuskar da baƙo ya saba gani.

Inda wurin yake

Wli tana cikin Yankin Volta ne, tazarar kimanin kilomita 20 daga garin Hohoe. Daga Akara, babban birnin ƙasar, tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce a mota, gwargwadon kyawun hanya, kuma ana tsallake Kogin Volta ta gadar Adomi. Mutanen yankin 'yan ƙabilar Ewe ne, amma a Hohoe akwai zango kamar yadda yake a yawancin manyan garuruwan Ghana, don haka mai jin Hausa ba zai rasa wanda zai yi wa tambaya a kasuwa ko a tasha ba.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza kafin ya shiga Ghana, albarkacin yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ECOWAS, amma ana neman fasfo da katin shaidar allurar rigakafin cutar shawara.

Magangarar hawa biyu ce: ta ƙasa da ta sama. Rafin Agumatsa, wanda ke gangarowa daga tsaunukan da suka raba Ghana da Togo, shi ne yake faɗowa a ta saman, ya ɗan yi gudu, sannan ya sake faɗowa a ta ƙasan. Duwatsun wannan jerin tsaunuka masu tauri ne, ruwa bai iya cinye su da sauri kamar yadda ya zaizaye ƙasar da ke gindinsu ba, shi ya sa aka samu wannan gangare mai kama da bango.

Hanyoyi biyu, wahala iri biyu

Hanyar magangara ta ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, tafiyar kimanin minti 45. Rafin yana karkacewa ya gitta ta sau da dama, an kuma girka ƙananan gadoji a kowace mahaɗa. Yara da dattawa masu ƙoshin lafiya suna iya wannan tattaki ba tare da wata matsala ba.

A farkon hanyar ana ratsa gonakin koko da ayaba, sannan a hankali itatuwa su yi ta ƙara tsawo har rassansu su haɗe a sama. 'Yan jagora kan tsaya su nuna wa baƙo 'ya'yan koko manne a jikin bishiya, da itatuwan da ake magani da su, da malam-buɗe-littafi iri-iri da wurin ya yi suna da su. Ga Bahaushe, irin wannan kurmi ba baƙon abu ne a tarihi ba: a kurmin ƙasar Asante goro ke fitowa, wanda fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna saye a kasuwar Salaga suna kaiwa Kano da Katsina.

Hanyar magangara ta sama kuwa wani al'amari ne daban. Hawan tsauni ne tsantsa, a wasu wuraren sai an kama saiwa ko reshe kafin a ɗaga ƙafa, kuma zuwa da dawowa kan ci awanni da dama, wani lokaci rabin yini. A nan sanda takan zama ƙafa ta uku, musamman wajen saukowa, domin saukowa ta fi hawa jawo faɗuwa da targaɗe. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ko ciwon gwiwa, ya fi masa alheri ya tsaya a ta ƙasa.

Abin da ya bambanta kurmi da dajin Arewa

Wanda ya taɓa zuwa Gurara a Jihar Neja ko Matsirga a kusa da Kafanchan zai iya zaton duk kanwar ja ce. Amma a dajin Arewa sararin sama a buɗe yake. Hadari na haɗuwa daga gabas, kowa ya hango shi tun daga nesa ya nemi mafaka. A cikin kurmi rassa sun rufe sama, hasken rana kaɗan ne ƙwarai ke isowa ƙasa, kuma tsauni ya kare gefe guda. Ana iya tafka ruwa a kan tudu can cikin Togo alhali mai tsaye a gindin magangara ko yayyafi bai gani ba, amma ruwan da aka yi a can, nan zai biyo.

Wannan shi ne abu na farko da ɗan jagora ke sa wa ido. Idan ruwan da yake garai-garai ya fara sauya launi zuwa ja ko ruwan ƙasa, ko ya fara ɗauko ganyaye da karyayyun rassa, ko ƙararsa ta ƙaru ba tare da dalili ba, to alama ce ta cewa ambaliya tana tafe. A kwari mai ƙunci, tsakanin bayyanar alamar da cikar rafi ba ya wuce 'yan mintuna.

Abu na biyu shi ne iska. Yawancin manyan itatuwan kurmi saiwoyinsu ba sa nutsawa can ƙasa, a saman ƙasa suke bazuwa, saboda a nan abincinsu yake. Idan ƙasa ta jiƙe sharkaf aka kuma yi guguwa, bishiya mai tsawon gidan bene kan iya tumɓukewa. Ghana ta ɗanɗana wannan a watan Maris na 2017, lokacin da wata babbar bishiya ta faɗo kan masu wanka a magangarar ruwan Kintampo ana tsakiyar guguwa, inda aƙalla mutum 18 suka rasu, akasarinsu ɗaliban makarantar sakandare da suka je yawon buɗe ido. An rufe wurin na tsawon watanni kafin a sake buɗe shi. Darasin da wannan ya bari shi ne, da zarar iska ta taso, fita daga ruwa da nisantar gindin manyan itatuwa ba abin jinkiri ba ne.

Abu na uku shi ne zafi irin na kurmi. A Arewa gumi yana bushewa nan da nan ya sanyaya jiki. A kurmi iskar cike take da laima, gumi ba ya bushewa, sai mutum ya yi ta zubar da ruwan jikinsa ba tare da ya samu sanyi ba. Saboda inuwa, da yawa ba sa jin ƙishi sai jiri ya fara ɗibarsu. Ɗan jagora mai ƙwarewa yana gane wanda ya fara galabaita daga yanayin takunsa, ya tsayar da ayari a huta.

Ƙarfin ruwan da ido ba ya aunawa

Daga nesa ruwan yana kama da farin zare da aka sako daga sama, amma lissafi yana nuna wani abu daban. Lita dubu ɗaya ta ruwa nauyinta tan guda ne, kuma abin da ya faɗo daga tsawon mita 80 cikin daƙiƙa huɗu kacal yake isowa ƙasa. Iska tana tarwatsa wani sashe na ruwan ya zama feshi, wanda shi ne ke jiƙa baƙo tun kafin ya ƙarasa, amma abin da ya rage yana dukan tafkin da ƙarfi, kuma wani lokaci yana tahowa da tsakuwa ko guntun itace.

Ana yin wanka a tafkin da ke gindin magangara ta ƙasa, kuma bakinsa ba shi da zurfi. Matsalar tana daidai inda ruwan ke sauka. A wurin, ruwan cike yake da kumfa, don haka ba ya ɗaga jikin mutum kamar ruwan da ke kwance, sannan yana juyawa ya mayar da abin da ya kama ƙarƙashi. Ko gwanin iyo yana iya shan wahala a irin wannan wuri. Hakazalika duwatsun gefe a lulluɓe suke da gansakuka saboda feshin da ba ya yankewa, kuma a kansu ne masu neman kyakkyawan hoto suka fi zamewa.

Jemagun da ke shuka kurmi

Duk wanda ya ɗaga kai a gindin magangarar zai ga dubban jemagu maƙale a jikin dutse da rassan itatuwa. Jemagu ne masu cin 'ya'yan itace, irin waɗanda ake gani a kan itatuwan tsakiyar birnin Akara. Da magariba sukan tashi gaba ɗaya su bazu neman abinci, su yi tafiyar kilomitoci masu yawa a dare guda, suna zubar da irin abin da suka ci a duk inda suka bi. Ta haka ne itatuwa irin su loko, wanda ake ji da katakonsa, ke samun yaɗuwa.

Kurmin kuma shi ke riƙe ruwan sama ya sake shi a hankali, abin da ke sa rafin ya ci gaba da gudu har cikin rani. Idan aka sare itatuwa ko gobarar daji ta cinye su, sai ruwa ya riƙa zuwa da ƙarfi lokaci guda da damina, ya ja baya da rani. A nan ne kuɗin shiga da ladan ɗan jagora suke da wata ma'ana ta daban: matashin da ke samun abin masarufi daga raka baƙi yana da dalilin hana farautar jemagu da sarar itace, domin ya san idan kurmin ya tafi, sana'arsa ta tafi.

Lokacin zuwa da shirin tafiya

Kudancin Ghana damina biyu yake yi a shekara: babba daga wajajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma a Satumba da Oktoba. A waɗannan watanni ruwan ya fi cika da ban sha'awa, amma hanya ta fi santsi, musamman ta sama. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, ruwan yakan ragu, tafiya kuma ta yi sauƙi. Ko wane lokaci aka zaɓa, sammako ya fi, saboda ruwan sama ya fi sauka da yamma, kuma duhu yana rigan faɗuwar rana shiga kurmi.

Takalmi rufaffe mai kama ƙasa ya zama dole. Silifa da takalmin fata mai santsi ba su da wuri a nan. Doguwar riga da babbar riga suna kama ƙaya da saiwa, don haka wando da riga mai dogon hannu marasa nauyi sun fi dacewa, kuma suna kare jiki daga sauro da ƙananan ƙudajen da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, waɗanda a wasu yankunan ke yaɗa cutar makantar kogi. A riƙe isasshen ruwan sha, kada a dogara da na rafi komai kyawunsa a ido. A saka waya da takardu a cikin leda, sannan a dawo da ledar da robar ruwan, kada a bar su a daji.

A kan hanya a riƙa duba inda ake taka ƙafa. Kwarkwasa kan gitta hanya a jere, tsallake ta ake yi, ba a tsayawa a kusa da ita. Ba a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin ruɓaɓɓen itace, ba a kuma taɓa jemage, mai rai ko matacce. Masu tafiya da yara ko ɗalibai su ƙidaya su a farkon tafiya da bakin ruwa da kuma wajen dawowa, sannan babba guda ya kasance a ƙarshen layi.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ɗan jagora ya ce a fito daga ruwa, ko ya ce yau ba za a hau sama ba, to ba gardama ce ta dace ba, ko da an yi tafiyar kwana biyu an kashe kuɗi kafin a iso. Magangarar tana nan gobe, kuma wanda ya koma gida lafiya shi ke da damar sake dawowa.