Murjanin da ke Zaune Cikin Duhun Teku

Duk wanda ya taɓa ganin adon amarya a Bilbis ko Tsafe ya san murjani. Da yawanmu muna tsammani dutse ne da ake haƙowa. To, ba haka ba ne. Murjani na ainihi ƙashin wata 'yar dabba ne ta cikin teku. Jan nan na wuyan kakanninmu daga Bahar Rum fatake suka riƙa kawo shi ta hamada. Amma akwai wani ɗan'uwansa, yawanci fari, wanda ba a ado da shi. Masana suna kiransa Lofeliya.

Ita dabbar ba ta fi kan ɗan yatsa ba. Jikinta kamar 'yar jaka yake, da baki ɗaya a sama, ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma saura ke fita. Kewaye da bakin akwai hannuwa sirara masu dafi, da su take kama ƙananan halittun da ruwa ya koro. Kowace tana gina wa kanta ɗan ƙoƙo mai tauri, ta zauna ciki, in ta ji motsi ta noƙe. Sinadarin ƙoƙon ɗaya ne da na farin dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato. Ƙoƙo yakan tsiro a jikin ƙoƙo, har abin ya yi rassa kamar busasshiyar ƙaya. Na sama kaɗai ke da rai, na ƙasa kufai ne, kifaye da ƙaguwa ke fakewa ciki.

Mazauninsa shi ne abin mamaki. Murjanin bakin gaɓa sai da hasken rana yake rayuwa, amma wannan yawanci yana zurfin mita 200 zuwa 1,000, inda duhu yake dare da rana. Ruwan kuwa ya fi na randa a tsakiyar hunturu sanyi, awonsa digiri 4 zuwa 12 ne kawai. Ya fi son gangare inda ruwa ke gudu, don shi ba ya zuwa neman abinci, sai dai abinci ya same shi.

Ba a Turai kaɗai yake ba. A 2012 wani jirgin bincike na ƙasar Norwe ya gano tudunsa a tekun Gana, a zurfin mita 400, tsawonsa ya haura kilomita 1, tsayinsa wajen mita 70.

Ku dubi wannan tsayi, sa'an nan ku tuna reshensa ba ya ƙaruwa da fiye da santimita 1 ko 2 a shekara. Ginin dubban shekaru ke nan. Manyan jiragen su kuwa da ke jan taru mai nauyi a ƙasan teku suna iya rushe shi a wuni guda, kamar an sa garma cikin gonar da ta nuna. A ganina wannan ɓarna ce babba, tun da gidan kifin da suke nema suke rushewa. Norwe ta hana jan irin wannan taru a kan tudun murjaninta na Sula tun 1999.