Duƙar da Hancin Finiyon Ba Ya Ƙara wa Taya Riƙo

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin samarin da suka samu Mustang ko Camaro ta hannu daga Amurka, kuma na gaji da jin ta. Wai in kana son mota ta cafki kwalta ta tashi ba tare da tayoyin baya sun yi ta sulɓi ba, to ka duƙar da hancin finiyon ƙasa sosai. Iya duƙarwarka, iya riƙon taya. Sun ɗauko ta daga bidiyoyin masu tseren miƙaƙƙen titi na can, sun kai wa bakanike, shi kuma ya hau noti da sifana ba tare da ya auna komai ba. Bayan mako biyu sai mota ta fara kakkarwa a gudun kilomita 100, a ce balansin ne, a canza taya, a canza shokozoba, kuɗi na tafiya ciwo na nan.

Finiyon dai shi ne ɗan ƙaramin haƙorin da ke gaban aksul na baya, wanda farfela ke juyawa. Farfelar na da kuros biyu, ɗaya wajen giyabos, ɗaya wajen finiyon. Shi ke nan.

Abin da masu wannan magana ba su sani ba shi ne halin kuros. Muddin yana aiki a karkace, ba ya miƙa juyi daidai wa daida: injin na juyawa sumul, amma farfela sai ta ɗan yi sauri ta ɗan lafa, sau biyu a kowane zagaye. Robert Hooke na Ingila ya yi nazarin wannan tun ƙarni na 17. A digiri 3 bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari uku ba. A digiri 10 ya kai kusan kashi 3 cikin ɗari. Za ka ce ai kaɗan ne, to ka tuna cewa mota mai giyar aksul 3.73 da taya mai tsayin santimita 66, in tana gudun kilomita 120, farfelarta na zagayawa wajen sau 3,600 a minti ɗaya. Dabarar da injiniyoyi suka yi ita ce a sa kuros na baya ya karkata daidai da na gaba, ta yadda saurin da na farko ya ƙara na biyu zai cire. Wannan kaɗai ne aikin kusurwar finiyon: layin finiyon da layin giyabos su tafi kafaɗa da kafaɗa a lokacin da mota ke jan ƙarfi. Babu inda taya ta shigo.

To daga ina batun duƙarwa ya samo asali? In ka taka totur, tayoyi na juyawa gaba, gangar jikin aksul kuma na ƙoƙarin juyawa baya, sai hancin finiyon ya ɗago sama. Shi ya sa ake ɗan duƙar da shi tun mota na tsaye, don in ya ɗago ya faɗa daidai inda ake so. Gwargwadon laushin abin da ke riƙe da aksul, gwargwadon duƙarwar. Motar tsere mai sifirin falle-falle kan nemi digiri 5 zuwa 7, mai hannuwa huɗu da bushin na roba wajen 2 zuwa 3, mai ƙwallon ƙarfe a bakin hannu 1 ko ɗan fiye. Samarinmu sun ji 7 ɗin nan daga bakin mai sifirin falle-falle, sun ɗora wa motar da aksul ɗinta ba ya ɗagowa ko rabin haka. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Wani zai ce ai shi ya gwada, kuma mota ta fi tashi. Na yarda ta fi tashi, amma ka tambaye shi me ya taɓa. Za ka tarar ya sauya ramin da hannun ƙasa ke ɗaure, ko ya cire ruɓaɓɓen bushin ya sa sabo, ko ya sauke iskar taya. Gangaren hannuwan ne ke yanke hukuncin ko bayan mota zai tsugunna ko zai danna taya ƙasa idan an ba ta wuta. Yabon da ya kamata a yi wa hannuwa shi ne aka kai wa finiyon. Haba jama'a! Motar miliyoyin naira, a kan titin da 'ya'yan mutane ke tsallakawa, a riƙa saita ta da jita-jita? Kuros na gaba in ya tsinke a guje, farfela kan caki ƙasa ta ɗaga bayan mota, shi ya sa dokar filayen tsere a Amurka ta wajabta wa motoci masu gudu zoben ƙarfe mai tare ta.

Tabbas lanƙwasasshen gwangwani, taya mai ƙulu ko robar giyabos da ta mutu su ma suna kawo kakkarwa. A duba su, a wuce.

Awo kuwa ba ya son jak. Mota ta tsaya a kan tayoyinta huɗu, a bisa rami ko gadar gareji, da mai a tanki, in so samu ne da wani mai nauyin direba a kujera. Ma'aunin kusurwa mai maganaɗisu ya fi, amma manhajar waya ma na yi in an cire mata riga. A auna bakin giyabos, a auna farfela, a auna fuskar finiyon, a rubuta. A ce giyabos ya gangara baya da digiri 3: ana son finiyon ya kalli sama da digiri 3 a cikin gudu. In bushin ɗinka zai bar shi ya ɗago 2, to a tsaye ka bar shi yana kallon sama da 1. Da ƙasa ba a awo, da giyabos ake yi. Kowane kuros ya yi aiki tsakanin digiri 1 da 3, kuma kada bambancinsu ya wuce 1. Kada kuma a miƙe farfela sambal har karkata ta zama sifili, don alluran da ke cikin kuros na bukatar ɗan motsi su yaɗa giris, in ba haka ba sai su huda wa kansu gurbi.

Sai zaɓen hannuwa, inda mutane suka fi asarar kuɗi. Mustang ta 1979 zuwa 2004 hannuwa huɗu gare ta, na sama biyu a karkace, kuma su ne ke hana aksul zamewa gefe. Dole bushin ɗinsu ya iya murɗewa. Ka cika su da bushin mai tauri gaba da baya, aksul ya ƙage a tsakiyar kwana, bayan mota ya kufce ba sallama, a hankali kuma ƙarfen da hannuwan ke ɗaure a jikinsa ya tsage. Ga motar yau da kullum, a bar roba a sama, a ƙarfafa na ƙasa. Ta 2005 zuwa 2014 hannu ɗaya gare ta a sama, da sanda a kwance mai tsare gefe. In an rage mata tsayi, hannun sama mai zare ne ke gyara kusurwa, sandar ita ma a sa mai zare don aksul ya dawo tsakiya. Farfelarta ta kamfani galibi gaɓa biyu ce, lissafinta daban, a bi littafin motar. Daga 2015 kuwa, kamar Mercedes da BMW, akwatin giyar baya a jikin mota yake ɗaure, rage tsayi ba ya taɓa finiyon.

Hannu mai ƙwallon ƙarfe yana da kyau a filin tsere. A kan hanyoyinmu masu ramuka da ƙurar hunturu, ba ya daɗewa zai fara ƙwanƙwasa, kuma duk wani dutse za ka ji shi a ƙashin bayanka. In ka sayi mai zare, kada a warware shi har abin da ya rage a ciki ya gaza kaurin zaren sau ɗaya da rabi, a kuma ɗaure notin kulle a sake dubawa bayan 'yan kwanaki. Notin bushin na roba ba a ɗaure shi sai mota ta sauka ta zauna da nauyinta. Wanda aka ɗaure a sama, a murɗe yake kwana, a murɗe yake tashi, har ya yage.

Masu Hilux da suka ƙara mata tsayi, ku ma awon nan ya shafe ku. Naku gyaran da ƙaramin ƙarfe mai siffar tsinin gatari ake yi, a cusa shi tsakanin sifirin da aksul, kuma na ƙarfe za ku nema, don na alminiyom mai arha fashewa yake yi.