Kayan sautin ƙetare: Araha a Amurka, tsada a Kademi

A hutun Babbar Sallar da ta gabata na je Kademi, cikin ƙaramar hukumar Gaya, domin gaida wani kawuna, tsohon malamin makaranta wanda tun ina yaro na san shi da son rediyo da waƙoƙin makaɗan gargajiya. Na same shi a soro, ga wata ƙatuwar amfilifaya mai haɗe da rediyo an lulluɓe ta da ƙyalle kamar majinyaci. Ɗansa da ke aiki a Amurka ne ya aiko masa da ita, tare da na'urar faifai mai tataccen sauti da faya-fayai kusan goma. Ranar da kayan suka iso, yaran gida suka nemo adafta suka cusa filogi a soket, sai ƙara da hayaƙi. “Ɗana,” in ji Kawu, “ko sallama ba ta yi mini ba.”

Mai karatu, ba laifin na'urar ba ne. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230, kusan ninki biyu ke nan, kuma adafta siffar filogi kawai take sauyawa, ba ta rage ƙarfin wuta. Ni na kai ta wurin wani mai gyara a Sabon Garin Kano, ya gyara abin da ya ƙone, ya haɗa mu da tiransifoma mai rage wuta, sannan ya yi mini gargaɗin da ban zata ba: wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, tiransifoma kuma ba ta gyara wannan bambanci, don haka na'urar za ta riƙa ɗaukar zafi fiye da yadda aka tsara mata. A ƙara da zafin bazarar Gaya da wutar janareto mai hawa da sauka, a ga inda lissafin ya nufa.

Da ta tashi, sai rediyon cikinta ya fito da tasa rigimar. A matsakaicin zango, rediyon Amurka yana tsalle ne da kilohaz goma-goma, alhali tashoshin Afirka da Turai an jera su tara-tara. Kilohaz 594 da aka san Rediyon Najeriya Kaduna da ita, wannan akwati bai san da zamanta ba. Daga 590 sai 600. Gajeren zango kuwa, wanda dattawanmu suka saba kamo BBC da shi, babu shi sam. Da daga kasuwar cikin gida ta Japan aka sayo ta, da abin ya fi muni, domin zangon FM ɗinsu ya tsaya ƙasa da mita 99.5 ta Freedom Radio.

Duk wannan ana iya cewa tarihi ne ya raba mu. Amma batun faifai da gangan aka shirya shi. Lokacin da DVD ya fito, a 1996 a Japan da 1997 a Amurka, kamfanonin fina-finai sun kasa duniya shiyya shida, suka sa wa faifai da na'ura makulli. Amurka ce shiyya ta 1, Turai da Japan da Saudiyya suna ta 2, Najeriya kuwa aka jefa ta ta 5 tare da Indiya da Rasha. Manufar a fili take: a sayar wa kowa a lokacin da aka ga dama, a farashin da aka ga dama, kada wani ya sayo mai araha daga wata shiyya. Da Blu-ray ya zo a 2006 aka mayar da shiyyoyin uku, Amurka a A, Afirka da Turai a B. Abin dariyar shi ne, 'yar na'urar Sin mai rahusa da ke ɗakin matar Kawu ba ta damu da shiyya ba, duk abin da aka ba ta haɗiyewa take yi, yayin da mai tsadar take zaɓen abinci.

Shi faifan SACD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1999 domin ya zarce CD tsabtar sauti, ba shi da makullin shiyya. Sai dai na zaga shagunan Kano ban samu ko ɗaya ba.

Mu dawo kan kuɗi. Ɗan Kawu ya sayi samfurin Amurka ne domin ya fi na Ingila araha a kan kwali. To, a ɗora kuɗin jigila, da na kwastan, da harajin VAT da ya koma kashi 7.5 a 2020, da tiransifoma, da sitabilaiza, da gyara, domin garantin can ya tsaya a can. Duk wannan a zamanin da dala, bayan sakin naira a watan Yunin 2023, ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024. Da ya sayo samfurin Ingila ko na Dubai, masu wuta da filogi irin namu, da ya biya ƙari a kanti ya huta a gida. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Wani abin lura, rabon farashi shiyya-shiyya ba kullum yake cutar da mu ba. Spotify ya shigo Najeriya a 2021 a kan naira 900 a wata, lokacin da Ba'amurke ke biyan dala 9.99, kuma a shekarar ce Apple Music ya fara bayar da tataccen sauti ba tare da ƙarin kuɗi ba. Waƙar ta sauko mana, akwatin jin ta ne ya hau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar Kawu da na gama bayani: a cikin faya-fayan nan akwai Shata? Babu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, shekarar da SACD ya fito. Musa Ɗanƙwairo ya riga shi a 1991. Abin da ke hannun jama'a na waƙoƙinsu yawanci daga kaset aka kwafo, aka matse a memori, kuma amfilifaya komai tsadarta ba ta mayar da sautin da aka zubar a hanya. A ganina, kuɗin da 'yan bokonmu ke kashewa kan akwatuna sun fi cancanta da aikin kwafe asalin faya-fayan da ke ma'ajiyar gidajen rediyonmu, da cikakken sautinsu, tun kafin ƙura da zafi su cinye su.

Na baro Kawu ya jona wayarsa da amfilifayar, kalangu na tashi tare da shuuu ɗin tsohon kaset, tiransifoma na gurnani a ƙarƙashin tebur. Faya-fayan Amurka suna cikin kwalinsu a kan kabad.